Ram ɗin da Yaya Ya Sa Mini

Yayana mai gyaran kwamfuta ne. In ka shiga layin masu gyara ka tambayi Ba-ni-wuri, kowa zai nuna maka ƙarƙashin matakalar benen da ya kafa teburinsa. Tun muna yara sunan ya bi shi, domin duk inda ya ga mutum ya sunkuya yana gyaran wani abu, sai ya sa kafaɗa ya ture shi yana cewa, "Ba ni wuri." Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gara in faɗa tun yanzu, ba yabonsa na zo yi ba.

Rediyon Baba ya fara yi wa aiki. Lafiyarta ƙalau, ɗan shuu kawai take yi idan an murɗa ta. Yaya ya kwance ta a tsakar gida, ya mayar, sai ga ƙusoshi sun yi saura a hannunsa, rediyo kuma ta yi shiru har abada. Da Baba ya tambaye shi, ko ƙifta ido bai yi ba ya ce masu ƙera ta ne suka sa ƙusoshin da suka wuce ƙima. Agogon bango ya biyo baya, aka ce batir ne jabu. Fitilar Inna kuwa, wai dama ajalinta ya zo. Baba tela ne, har ya koma ga Allah bai taɓa fita ya bar kekensa a buɗe ba, kulle ɗakin yake yi ya jefa makulli a aljihu. Inna ce mai tsaya masa. Kullum maganarta ɗaya: "Ku bar mini yaro, kansa ne ke ja."

Ya yi koyon aiki wurin mai gyaran rediyo, ya koma wurin mai gyaran waya, daga nan ya faɗa wa kwamfuta. Babu maigidan da suka rabu lafiya, kuma a bakinsa dukansu hassada suke yi masa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, hannunsa ya iya wasu abubuwa. Na sha ganin an kawo masa kwamfutar da ta mutu murus, ya busa nan, ya goge can da tsohon buroshin haƙori, ta tashi. Abin da ya cuci jama'a ke nan. Da ma bai iya komai ba, da kowa ya san inda zai kai kayansa ya huta.

Teburinsa kuwa sai wanda ya gani. Kwalaye cike da kayan cikin kwamfutoci, gwangwanin madara cike da ƙusoshi, wayoyi sun sarƙe da juna, ga warin dalma da ke kama rigar mutum. A wannan teburi yana da doka ɗaya da bai taɓa furtawa ba: abin da hannunsa ya sa, ya sanu. Zai iya ƙara wani abu a kai, zai iya canza na kusa da shi, zai iya zagin wanda ya ƙera injin, amma ya koma ya cire abin da shi ya saka, wannan sai dai a lahira.

Ni na gaji Baba, sai dai ɗinkina na injin ado ne. Bajon makarantu nake yi, da tambarin kamfanoni a kan riguna, da furanni a rigar filo da zanin gado. Injin ba ya tunani, abin da na zana a kwamfuta shi yake bi. Kuma zanen ba hoto ba ne da za a ɗauko a manna. Kowane ganye sai na nuna wa allura inda za ta fara, da inda za ta kwanta, da inda za a canza zare. Wani bajon sai in yi mako ina gyara shi, in ɗinka, in warware, in koma. Shekara da shekaru ina tara su, har ya zama duk wanda ya taɓa kawo mini aiki, in ya dawo, kiran sunan zanensa kawai nake yi injin ya kama aiki. Waɗannan zane-zanen su ne shagon. Injin da zare kowa ma yana iya saye.

Saboda haka nake da wani ɗan faifan ajiya a cikin durowa, naɗe a ƙyalle. Lokaci-lokaci nakan jona shi in kwafe komai, in mayar da shi in rufe.

Kwamfutata tsohuwa ce, tana da nawa. In na buɗe babban zane sai in tashi in share shago kafin ta gama tunani. Amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Wata rana da hantsi, ana daf da komawa makaranta, aikin bajo ya taru mini, Yaya ya leƙo ya same ni na zuba tagumi ina jiran ta.

"Ke har yanzu da wannan kunkurun kike fama? Ba ni wuri."

"Yaya, bar ta. Mun saba da juna."

"Ram ne ya yi mata kaɗan. Kin san ram? Shi ne teburin da take baza aikin da ke hannunta. Naki ɗan ƙarami ne, kamar ki ce za ki yanka zanin gado a kan kujera."

Ya zaro wani abu daga aljihu naɗe a takardar jarida, ɗan falle siriri mai tsawon matajin kai, gefensa da haƙora masu ruwan zinariya. Ya ce kyauta ya ba ni, don in san ina da yaya. Kafin in buɗe baki ya kwance murfin akwatin, ya danna shi kusa da wanda ke ciki har ya ce ƙas. Na leƙa na ga na cikin kore ne, nasa baƙi, kuma ya ɗan fi tsayi. Na ce, "Ai ba iri ɗaya ba ne." Ya ce, "Ke da ni iri ɗaya ne? Ba ga shi ciki ɗaya ya ɗauke mu ba?"

Ranar kam ta yi gudu, har na yi masa godiya, na kira Inna na faɗa mata. Washegari ina tsakiyar gyara harafin wani bajo, allon ya koma shuɗi, ga wasu rubuce-rubuce, sannan ta mutu ta sake tashi da kanta. Aikin safiyar ya tafi. Da yamma ta daskare, kibiyar ta tsaya cak. Kwana na gaba manhajar zanen ce ta rufe kanta ba sallama. Abin ba shi da lokaci. Wani yinin ta yi lafiya har in saki jiki, wani yinin kuma kamar mai farfaɗiya.

Na kira shi. Ya zo yana taku ɗai-ɗai, ya dubi fitilar rufi, ya ce wutar layinmu ce ba ta da kyau. Ya sa na kawo sitabilaiza mai daidaita wuta. Aka jona, ba ta fasa ba. Ya dawo ya ɗora tafin hannu a kan akwatin ya ce zafi ne, shagona kamar tanda. Ya busa ƙura, ya ƙara mata fanka a ciki mai ƙarar jirgin sama. Ba ta fasa ba. Ya ce ƙurar zare ce ke shiga cikinta, muka ciccibe ta zuwa wancan lungun. Ya ce injin ɗinkin ne ke jan wuta idan ya tashi. Na kashe injin yini guda, ta mutu a gabansa injin yana barci. Ko a jikinsa.

Na ce, "Yaya, kafin ka sa mata wannan abin ba ta taɓa yin haka ba."

"To likita, sai ki ba ni magani."

"Ba gatse nake yi ba. Cire shi mu gani mana. In ba shi ba ne sai ka mayar."

"Ram ɗin da na gwada da hannuna? Ke dai ki faɗi gaskiya, filashin wa kika soka mata? Kowane ɗan iska ya kwafo hoto a filashinsa sai ki karɓa ki jona. Bairos ne ya cika ta, cutar kwamfuta."

Maƙwabcina mai hoto ne, dattijo marar hayaniya, shi ma da kwamfuta yake aiki. Ya ji mu ta bango. Da Yaya ya tafi ya leƙo ya ce, "'Yata, ni ba mai gyara ba ne, amma abin da aka ƙara daga baya shi ake fara cirewa. A bar tsohon shi kaɗai a gani, sannan a gwada sabon shi kaɗai. Wani lokacin ma duka biyun lafiyarsu lau, zama tare ne ba su iya ba." Na kai wa Yaya wannan magana. Ya ce mai hoto ya tsaya ga cewa mutane su yi murmushi. Kafin in dawo shago Inna ta kira ni, wai na haɗa kai da bare ina tozarta ɗan'uwana, mutumin da ya yi mini alheri.

Shugabar wata makaranta, wadda ita ce ta fara ba ni aiki tun ina ɗinki a ɗakin Inna, ta aiko a tambayi bajonta. Na ce a ba ta haƙuri. Ta sake aikowa.

Sai Yaya ya zo da hukuncinsa na ƙarshe. Ya ce bairos ya ci manhajar har ƙashi, sai an yi mata fomat, wato a share komai a zuba sabo. Na ce zane-zanena fa? Ya ce zai dunƙule su duka cikin ƙunshi ɗaya ya zuba a faifan ajiyata, har da na kwanan nan da ban kwafa ba. Wannan ta shiga kaina. Na buɗe durowa na warware ƙyallen na miƙa masa. A daidai lokacin zare ya tsinke a injin, na juya ina zura shi a allura. Da na waiwayo na ga faifan wayam.

"Yaya, ina kwafin da ke ciki?"

"Na share. Wuri ya yi kaɗan."

"Ka share?"

"Tsohon kwafi ne, me za ki yi da shi? Ga sabo nan zan zuba miki, cikakke."

Aikin gama ya gama. Na ja kujera na zauna ina kallon ɗan layin nan yana cika a hankali, ina roƙon Allah kada ta mutu a tsakiya. Ba ta mutu ba. Har yau ina cewa da ma ta mutu, da ba a kai ga fomat ba. Ƙunshin ya zauna a faifai, babba, da sunansa da komai. Yaya ya ce, "Kin gani?" Ya share kwamfutar tas.

Yana cikin zuba sabuwar manhaja, allon ya koma shuɗi. Babu zane a cikinta, babu filashin kowa, babu bairos ɗin da za a ɗora wa laifi. Ya sake farawa, ta sake. Na ga zufa ta tsattsafo masa a goshi. Ya zaro wani filashi nasa ya jona, wani allo ya fito da lambobi suna gudu, can sai jajayen layuka suka fara zubowa har suka cika ƙasan allon. Na ce, "Wannan jan fa?" Ya ce, "Ba karatunki ba ne. Je ki samo mini ruwa mai sanyi, maƙoshina ya bushe."

Na je kanti na dawo. Na tarar ya rufe akwatin ya ɗaure ƙusoshi, ga tsohuwar wayar wuta a kan tebur ya naɗe ta kamar macijin da ya kashe. Ya ce, "Ga ɓarauniyar. Wayar nan ce ta tsinke ta ciki. Na canza." Manhaja ta zauna lafiya. Kwamfuta ta daina mutuwa, kuma ta koma nawarta ta dā, sak. Ni kuwa hankalina yana kan faifan.

Na jona shi na danna ƙunshin. Ya ƙi buɗuwa. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito yana cewa ya lalace. Na sake dannawa. Yaya ya ture ni ya gwada da wannan, ya gwada da wancan, ya ce zai dawo da wata dabara, ya fice. Mai hoto ne ya zauna da ni har la'asar. Abin da muka iya cirowa bai taka kara ya karya ba, kuma wanda na gwada a injin, allura ta yi rabin fure lafiya, sannan ta haukace ta tsallaka ƙyallen tana zuba zare inda babu zane. Dattijon ya ce, "Duk abin da aka kwafa ta cikin ram yake bi. In ram ɗin na da ciwo, abin da ya ratsa shi ya ɗauko ciwon." Ban yi kuka a gabansa ba. Sai da ya fita na rufe ƙofa na yi mai isata.

Matar Yaya ce ta ƙarasa mini labarin, kuma ba da nufi ba. Mace ce mai haƙuri, ta zo yi mini jaje. Tana shafa bayana ta ce, "Ni dai tun da mai kantin magani ya dawo da baƙin abin nan yana faɗa, na ce masa ya jefar. Sai ya ce mutumin ne bai iya kwamfuta ba." Ta ga yadda na dube ta, ta kama bakinta. Ashe kyautar tawa ta riga ta yi wa wani irin wannan ɓarnar, an dawo masa da ita. Bai ba ni don mugunta ba, na san wannan. Ya ba ni ne don ya nuna wa kansa cewa mai kantin magani ne ke da laifi. Ni wannan ya fi mini muguntar ciwo.

Da rana tsaka na same shi a ɗakin Inna, ya miƙe ƙafa a tabarma yana danna waya.

"Yaya, ka cire ram ɗin lokacin da ka aike ni ruwa, ko ba ka cire ba?"

"Wa ya gaya miki?"

"Tambayarka nake yi."

"Na cire don in rage mata nauyi. Tsohuwar kwamfutarki ce ba ta iya ɗaukarsa. Ram lafiyarsa ƙalau."

"Mai kantin magani fa? Shi ma tasa tsohuwa ce?"

Ya tashi zaune ya fara borin kunya. Wai shi ya bar teburinsa kwana da kwanaki yana mini bauta, wai wane mai hankali ne ke ajiye kwafi ɗaya tal, wai dama ni tun ina yarinya ba ni da godiya. Laifi tudu ne. Inna ta ce, "Ke, ya isa. Ƙaddara ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zane ne fa, ba rai ba, sai ki sake wani."

Na ce, "Inna, ba na neman ya biya ni komai, ba zai iya ba. Ya buɗe baki kawai ya ce shi ne."

Na tsaya ina jira, wallahi da ya faɗa da na zauna. Ya dubi Inna, ya dubi wayarsa, sannan ya ce, "Gobe ma zan sa wa mai shagon buga takardu shi, ki zo ki ga yadda zai yi aiki."

Na miƙa hannu. "Ba kyauta ka ba ni ba? Nawa ne. Ba ni kayana."

Ya yi dariya ya zaro shi daga aljihun gaba, har yanzu a takardar jaridarsa, ya jefo shi gabana. Na ɗauka, na ɗora shi a bakin dokin ƙofa, na taka da dunduniya. Ya karye gida biyu. Inna ta yi salati. Yaya ya miƙe yana cewa na karya lafiyayyen ram, kuma har gobe haka yake ba da labarin a layin masu gyara: ƙanwarsa ta karya lafiyayyen ram saboda baƙin hali. Masu sauraro suna girgiza kai, sannan su miƙa masa kwamfutocinsu.

Ba mu sake zama inuwa ɗaya ba. In mun haɗu a ɗakin Inna ina gaishe shi, don ita, ya amsa yana kallon bango. Yana nan ƙarƙashin matakalarsa, ya ƙara ƙiba, ya sa an rubuta masa allo mai cewa ƙwararre.

Makarantu da yawa ba su jira ni ba, kuma ban ga laifinsu ba, yara ba za su shiga aji da riga ba bajo ba. Shugabar nan ce kaɗai ta zo da kanta. Ta zauna a bencin shago ta ji abin da ya faru, ta tashi ta tafi. Washegari ta aiko mini da wata tsohuwar rigar ɗaliba, wadda wanki ya cinye wuyanta, bajon ya koɗe, zaren gefe ya fara tashi.

Na shimfiɗa ta a tebur, na ɗauko tabaran Baba na ƙara a kan idona, na sunkuya ina bin zaren ɗaya bayan ɗaya don in gane ta ina allura ta fara, ta ina ta juya. Ni na zana bajon nan da hannuna ina budurwa, na san na sha wahalar fukafukin tsuntsun da ke tsakiya, amma na manta yadda na yi har ya kwanta. Yanzu haka nake yini, ina bin gidajen tsofaffin masu ba ni aiki ina roƙon aron tsummokaransu, in dawo in zauna ina satar aikina daga jikinsu.